Abin da Ya Tsayar da Babur ɗin Sharafa

Maigidana, Mahaman, makanikin babur ne, kuma in ka ji shi yana bayani sai ka rantse shi ya ƙera babur na farko a duniya. Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Garejinsa rumfar kwano ce a ƙofar gidanmu, cikin wani lungu da ke fita Titin Koudoukou, ba nisa da babban masallaci. Ina tsakar gida ina jin duk abin da ake faɗa a rumfar, har da wanda ba a so in ji. Masu haya da babur Metir suke ce masa, wato gwani da Faransanci, shi kuwa kai ya yi ta kumbura.

Farkon shekarar 2014 aka rufe mu a unguwarmu, Kilomita Biyar. Duk Musulmin da ya tsallake gadar da ke ƙarshen unguwa, sai dai a bi shi da addu'a. Bangui ɗin da aka haife mu a ciki ta koma 'yan layuka: masallaci, kasuwa, Kokoro, a juyo. Fetur ya koma na kwalba, shi ma sai an sato hanya an shigo da shi. Mai babur ya samu kwalba ɗaya ya zuba, ya yini yana lallaɓa ta. Da ya sauke fasinja zai kashe inji ya sauka ya jira wani.

A wannan matsin ne basira ta motsa wa Metir. Wata rana da tsakar rana ya kira ni, ya sa na kai hanci bakin murfin wani tanki.

"Kin ji? Mai ne yake tashi sama. Rana ce ke shanye mana shi."

"To sai ka kai ƙarar rana," na ce.

Bai kula ni ba. Ya nuna mini wani ɗan rami a jikin murfin, wanda bai fi tsinin allura ba. Ta nan tanki yake numfashi: mai yana sauka zuwa inji, iska tana shiga tana maye gurbinsa. Shi dai a ganinsa ta nan ɗin ne mai yake gudu. Sai ya liƙe ramin da gam, ya huda wuyan tankin ya narka ɗan bututu, ya sa masa siririn tiyo, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi a asibiti, don shi kaɗai ake samu a lokacin. Ya bi da tiyon ta ƙarƙashin tanki, ya naɗe shi sau biyu a ƙarƙashin kujera, ya sako bakinsa ƙasa wajen tayar baya. Wai tururin mai zai huce a cikin naɗin ya koma inda ya fito, ruwan sama kuma ba zai shiga ba. Daga nan ya kwance kafireto, ya sauya ɗan ƙarfen da mai ke bi ta cikinsa da wani mai ƙaramin rami, ya sassauko da allurar mataki ɗaya. Babur ya rage gudu, amma ya rage zarin shan mai.

Gaskiya aikin kafireton ya yi, wannan ko maƙiyi ya shaida. Tiyon kuwa ni ban ga tururin da ya koma ba, amma wa ya tambaye ni? Kafin wata biyu kusan duk babur ɗin da ke yawo tsakanin masallaci da Kokoro yana ɗauke da gyaran Metir. Babu wanda ya taɓa kawo ƙorafi.

Cikin waɗanda aka fara yi wa gyaran har da Sharafaddeen, mijin Hureira, ƙanwar maigidana. Sharafa muke ce masa. Ƙato ne, in ya hau babur sai ka tausaya wa babur ɗin. Hausarsa a karkace take, Sango kuwa, yaren garin, kamar ruwa, don uwarsa 'yar Bimbo ce da ta musulunta lokacin da ta auri ubansa, kuma danginta duk suna can ɗaya ɓangaren. Ni da shi kullum muna tsiya. Ya shigo ya ce, "Yaya Zulai, tuwo naki ya yi kuka," yana nufin ya yi daɗi, in kore shi da muciya.

A watan goma na shekarar nan maganin sukarin Inna Mero, uwar maigidana da Hureira, ya ƙare ƙaf. An zagaye unguwa babu, sai a tsakiyar gari. Sharafa ya ce shi zai je, fuskarsa da harshensa za su wuce da shi. Ya cire hula, ya sa wandon jins, ya zo ƙofar gidanmu da hantsi. Maigidana ya shiga ɗaki ya fito da duk kwalaben da ya ɓoye don ranar gudu, ya juye su a tankin. Ni na riƙe masa mazurari. Sai da mai ya taɓo wuyan tanki ya tsaya.

"Kada ya yanke maka a hanya," ya ce. "Ka je ka dawo ba tare da ka tsaya ko'ina ba."

"Metir, ko Nzapa ne ya ɗaga mini hannu, sai dai ya biyo ni," in ji Sharafa, yana dariya. Nzapa shi ne Allah da Sango. Na ce masa ya yi istigfari, ya yi, ya tafi.

Bayan azahar sojojin kiyaye zaman lafiya suka kawo gawarsa masallaci, da babur ɗin a bayan motarsu. Sun ce sun tarar an taru a kansa a gaban wata mashaya mai shuɗin bango, can bayan gada, mutanen suka watse da suka hango su. Babur ɗin yana gefen hanya, ko ƙwarzane babu.

A nan ƙofar masallaci wani ya taka babur ɗin, bugu ɗaya ya tashi. Tanki kusan a cike. Aka kira maigidana, ya duba fulogi, ya kwance kafireto ya hura, ya mayar. Idonsa jajur, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce a gaban kowa, "Babur ɗin nan lafiyarsa lau. Babu abin da ya same shi."

Wannan maganar ita ta kashe Sharafa karo na biyu. In babur lafiya lau, me ya tsayar da shi a wurin da ko mahaukaci ba zai tsaya ba? A makon nan an jefa gurneti a gidaje biyu na unguwarmu, mutane suna neman wanda ke kai labarinmu waje. Sai ga mutum mai dangi a can, ya tsaya a can da kansa. Kafin sadakar uku magana ta gama gari: wai ya saba kai musu rahoto, ranar ce suka saɓa. Ba wanda ya faɗa da ƙarfi, amma ko a wajen ɗiban ruwa an san da ita.

Hureira tana soya makala a ƙofar gidanta, irin fanken nan na Bangui, da safe har layi ake yi. Bayan ta fita takaba ta mayar da kaskonta, layin bai dawo ba. Mata su wuce ta su je wajen wata a can gaba. Ba ta taɓa yin faɗa da kowa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don da ni ce da an ji mu har filin jirgi. Ita sai ta rufe babur ɗin da buhuna a zaure, ta daina ambaton sunansa. Nakan ce mata, "Hureira, ƙarya suke yi." Ta dube ni ta ce, "To me ya tsayar da shi, Yaya?"

Haka muka yi shekara biyu. A hankali hanya ta buɗe, aka fara shiga gari da rana a dawo kafin magariba.

Wata Laraba ina tsinke ganyen rogo a tsakar gida, na ji muryar Abdulrahim, wani magidanci mai haya da babur, yana ba da labari a rumfa yana dariya.

"Metir, yau moton nan ta so ta kunyata ni. Na kai wata mata cikin gari, na ga gidan mai, na ce a cika mini, in tuna yadda cikakken tanki yake. Wallahi ban yi nisa ba ta fara tari, ta mutu. Na buga, na buga, shiru. Na ce ko ruwa suka zuba mini? Na buɗe murfi in leƙa, sai na ji fuuu, tanki yana jan iska kamar mai asma. Na rufe, bugu biyu ta tashi."

Na saurara in ji maigidana ya fara dogon bayaninsa. Ban ji komai ba. Shirun ne ya sa na leƙa ta jikin kwano. Ya ɗaga kujerar babur ɗin yana kallon tiyon. Inda ƙarfen kujera ke sauka a kansa ya lanƙwame, zafin inji ya sa ya yi laushi ya manne. Ya daɗe yana murza wurin da yatsa. Sannan ya yanke tiyon, ya ɗauko allura ya buɗe ramin murfin da ya liƙe da hannunsa.

"Ka cika tankin ka ce?"

"Har wuya, Metir."

Ranar bai ci abincin rana ba. Na yi masa tsiya cewa ko gozo na, tuwon rogonmu, ya daina burge shi, bai ko ɗago ba.

Washegari da safe ya je gidan Hureira ya ce ta ba shi babur ɗin ya duba, kada ya ruɓe a zaune. Ya turo shi rumfa, ya wanke kafireto, ya sauya fulogi, ya ba tayoyi iska. Tiyon bai taɓa shi ba. Ya sayo mai ya cika tanki har wuya, sannan ya leƙo tsakar gida.

"Zulai, ɗauko mayafinki ki hau."

"In hau in je ina?"

"Nauyi nake nema. Ni kaɗai ban kai Sharafa ba."

Da wata rana ce da sai na nuna masa wanda ake kira nauyi. Amma na ga fuskarsa, na ɗauko mayafi.

Muka bi Titin Koudoukou, muka wuce 'yan canji da masu shagunan atamfa, muka hau gada. Rabona da tsallake gadar nan tun kafin a rufe mu. Bayanta gidajen da na sani ne, babu rufi, ciyawa ta fi mutum tsawo, gwanda ta fito a tsakiyar ɗakin wata ƙawata. Sai kuma muka fara ganin mutane, mata suna tallan rogo da manja, rediyo na kiɗa, kowa na harkarsa kamar ba a taɓa yin komai ba. Na ƙanƙame rigarsa. Zafin inji yana dukan ƙafata.

Babur ya yi tari sau ɗaya. Ya ƙara masa wuta, ya ɗan ja, ya sake tari, sannan ya yi shiru muka gangara gefen hanya. Na sauka na waiga. Shuɗin bangon yana bayanmu, bai fi taku hamsin ba. Yanzu an mayar da wurin shagon aski.

Maigidana ya san abin da zai yi, amma bai yi ba. Ya sa ƙafa ya fara buga babur ɗin, yana bugawa yana ƙarawa, gumi na zuba. Na gane abin da yake kallo, don ni ma shi nake kallo: ƙaton mutum a wandon jins, shi kaɗai, yana bugawa yana waige, tanki cike da mai. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ɗago ta ce, "Yeke yeke, Papa," wato ya yi a hankali. Da alheri ta faɗa, amma sai na matsa kusa da maigidana.

Ya daina. Ya kama hannuna ya ɗora a kan murfin tankin.

"Buɗe."

Na murɗa. Na ji shi da kunnena, fuuu, iska tana faɗawa ciki.

"Tiyon yana toshewa in inji ya yi zafi, mutum kuma yana zaune a kai," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In tanki ba ya samun iska, mai ba ya sauka. A unguwa ba wanda ke tafiyar da ta kai haka, kuma kowa kwalba ɗaya yake zubawa, sauran tankin duk iska ce, sai a yini ba a ji komai ba. In aka cika shi, iskar ba ta da yawa, nan da nan yake shaƙewa. In an bar shi ya huce, ya sake buɗewa. Shi ya sa ya tashi a ƙofar masallaci. Murfin kawai zai buɗe, Zulai. Da kwalba ɗaya na zuba masa, da ya kai gari."

Ba zan ɓoye ba, ni na fara cewa mu yi shiru. A gefen hanyar nan na faɗa, ban ko jira mun koma gida ba. Na ce ya bi baburan ɗaya-ɗaya ya cire tiyon, ya ce ya samo sabuwar dabara, wa zai sani? Na tuna masa da samarin da ke tsaron unguwa da bindigogi, waɗanda ba sa tambaya sau biyu. Na tuna masa rumfarsa, da 'ya'yanmu, da Inna Mero da za ta ji ɗanta ne sanadin mutuwar mijin 'yarta. Na ce mamaci ya riga ya tafi, ba ya jin abin da ake faɗa. Ina faɗa ina jin kunyar kaina, amma ban fasa ba, don tsoro nake ji kuma mijina ne.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Hureira tana ji."

Muka koma da murfin a sassauce. Bai tsaya a rumfa ba, sai ƙofar gidan Hureira. Tana zaune gaban kasko, babu ko mutum ɗaya a wurin, makala na iyo a cikin mai. Ta ga babur ɗin mijinta yana tafiya, ta kawar da kai.

Maigidana bai zauna a benci ba. Durƙusawa ya yi a ƙasa, gaban ƙanwar da ya girma da shekara goma sha ɗaya. Ya faɗa mata duka, tun daga ramin murfi har inda muka tsaya yau. A karon farko a rayuwarsa bai ƙawata bayani ba. Ya ce, "Ba shi ya tsaya ba, Hureira. Babur ɗin ne ya mutu masa. Aikina ne, kuma ni na cika tankin."

Ta dube ni.

"Yaya Zulai, kin gani da idonki?"

"Na gani. A kan babur ɗin nake."

"A wurin?"

"Taku hamsin tsakani."

Ta ajiye matsamin da ke hannunta a hankali, ta juya wajen yayanta.

"Yaya, a ƙofar masallaci ka ce lafiyarsa lau. Gobe Juma'a. A nan za ka tsaya ka faɗi wannan, da babur ɗin a gabanka, lokacin da mutane ke fitowa."

"Zan faɗa."

"Kada ka tako gidan nan sai ka faɗa."

"Na ji."

Na ɗauka ta gama. Na matsa zan dafa ta, in ce mata ai ni kullum ina gaya mata ƙarya ake yi masa. Sai ta riƙe hannuna da ƙarfi, har na ji zafi. Ba kuka take yi ba, da kukan ne da ya fi mini sauƙi.

"Na yarda da su, Yaya Zulai," ta ce. "Ni matarsa, na yarda da su. Shekara biyu ina sallah, in na zo kan iyayena da 'yan'uwana in yi musu addu'a, in na zo kansa in tsallake. Ko sau ɗaya ban roƙa masa gafara ba. Maganin uwata ya je nema."

Maigidana ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Ba ta ko kalle shi ba. Ta miƙe ta ɗauki butar da ke jikin bango ta shige gida, alhali azahar da saura. Makala ya fara ƙonewa, na ja kujerarta na zauna na ɗauki matsamin. Daga inda nake ina jin zubar ruwan alwala, can kuma na ji ta kira sunansa cikakke, Sharafaddeen, da ƙarfi yadda duk mai wucewa zai ji.